Karatu Huɗu, Baffanni Uku

Waɗanda ke zaune ƙarƙashin mangwaron gidana ranar su ne: ƙanena mai bi mini, wanda yake akawu a kotun alƙali, da ƙanena mai fataucin doya, da autanmu mai aikin duba-gari, wanda gwamnati ke biya don ya leƙa randunan mutane, da limamin unguwa, da aka kira don ya shafa fatiha, yaron da aka taru dominsa, sai ni, a bakin ƙofar ɗakina ina ɓarar gyaɗa. Yaron ɗan wani ƙanena ne marigayi. Ni na riƙe shi tun yana rarrafe, shi ne na fari a hannuna, ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa yanzu zan fara ba.

A Kwali ne, zamanin soja, bayan yaƙi, tun kafin wani ya ji ƙishin-ƙishin za a kawo babban birni wannan ƙasa. Lokacin in an ce Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja ake nufi. Mu ƴan tsirarun Hausawa ne a tsakiyar Gwarawa, muna sayen doyarsu da tukwanensu, suna sayen gishirinmu da atamfarmu. Yaron shi ne na farko a zuriyarmu da ya kai jami'a, can arewa, shi ya sa kowa ke son a ga hannunsa a ciki.

Ni ban taɓa shiga aji ba, amma abin da aka yi bayaninsa a gabana ba ya wuce ni. Ga yadda karatun yake. Shekarar farko mutum yana ɗiban fanni huɗu, yana ɗanɗana kowanne. In ya koma shekara ta biyu sai ya ajiye biyu ya riƙe biyu, ɗaya babba, ɗaya ƙarami mai bi masa, kuma da babban za a san shi har ya mutu. Wai an yi haka ne don yaro ya gane inda zuciyarsa ta fi kwanciya kafin ya ɗaure kansa. Wanda ya tsara wannan bai san ƙannena ba.

Hutunsa na farko, da ya zo ya lissafa musu fannonin, akawu ya ji an ce ilimin siyasa sai ya bugi ƙirji ya ce wannan nasa ne, da shi ake zama Di'o mai mulkin gunduma. Mai doya ya ji tattalin arziki ya ce ai shi tun da ya tashi abin da yake yi ke nan, a rubuta masa. Auta ya tambayi mece ce zamantakewa, aka ce masa nazarin yadda mutane ke zaune a gidajensu ne, ya ce to wannan aikinsa ne sak. Na huɗun, labarin ƙasa, ba wanda ya ɗauka. Auta ya ce wannan karatun masu haƙar rijiya ne. Aka yi dariya aka tashi.

Na ɗauka raha ce. Ashe a wurinsu rabo ne aka yi, irin na naman layya, kowa ya kama cinyarsa. In yaron ya je gaida akawu, ba ya tambayarsa lafiya, sai dai ya ce yaya siyasata. Mai doya yana tsaye a kasuwa yana gaya wa direbobi wai yana da karatu a jami'a. Akawu ya ba shi takalmi, mai doya ya ba shi akwatin ƙarfe, auta ya ba shi tsohon agogon da ba ya tafiya sai an girgiza shi, kowanne kuma a ransa kyautar ta zama igiya. Mutanen da ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa wanke wa yaron kashi ba.

Shi ma yaron ban wanke shi daga laifi ba. Tun yana ƙarami yake da wata cuta, ita ce "to". In ka ce masa rana ta fito da dare, zai dubi fuskarka ya ce to. Na dake shi a kan wannan, na yi masa faɗa, da na gama ya ce mini to. Boko ta ƙara masa wando da tabarau, ba ta ƙara masa ƙashin baya ba.

Amma ina da ido. A dogon hutun ƙarshen shekarar farko na ga inda yake zuwa in ya zaci ba mai kallonsa. Yakan bi matan Gwarawa zuwa ramin da suke haƙar yumɓu, su suna tafe da kaya a kafaɗa, shi yana binsu kamar ɗan akuya. Ya durƙusa ya murza ƙasa a yatsu, ya sunsuna, har na ji an ce ya taɓa sa ta a harshe. Ya hau dutsen bayan gari ya zauna yana kallon inda rafi ya karkata. Ya tare Fulani masu tallan nono yana tambayarsu wane fadama ne ke riga bushewa da rani. Ƙato da shi, mai gemu, yana wasan ƙasa. Ban ga abin burgewa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Abin da na lura da shi kawai, wannan ne kaɗai abin da yake yi ba tare da ya fara duban fuskar wani ba.

Ranar taron, gobenta zai koma makaranta, can kuma zai faɗi biyun da ya riƙe. Akawu ne ya kira zaman, ya ce a yanke magana a shafa mata fatiha. A gidanmu kuwa maganar da aka shafa wa fatiha ta zauna ke nan, ko ta aure ce ko ta iyakar gona, ba a warware ta. Wani yaron zai iya shafawa a nan ya je can ya yi abin da ya ga dama. Nawa ba zai iya ba. In aka shafa a kan siyasa, siyasa zai ɗauka ya yi ta ja har kabarinsa.

Akawu ya gyara zama ya yi doguwar shimfiɗa, irin wadda yake ji alƙali na yi. Daga ƙarshe ya ce shi da yaron sun riga sun gama magana, siyasa ce babba, saura a zaɓi mai bi mata. Mai doya ya ajiye goron da yake ci ya ce wace magana, ai shekaranjiya a rumfarsa yaron ya amsa masa tattalin arziki. Auta ya ce shi a bakin rijiya aka amsa masa, kuma akwai shaidu. Duk suka juya suka dubi yaron. Shi kuwa yana duban babban yatsan ƙafarsa. Ashe kowannensu ya kira shi gefe, kowanne ya sami nasa "to".

Daga nan abin ya koma cinikin akuya. Mai doya ya ce a yi adalci, a ba kowane fanni shekararsa. Yaron ya ce da murya ƙasa-ƙasa ai in aka yi haka ba zai taɓa gamawa ba. Auta ya ce to a roƙi shugaban makarantar ya bar shi ya riƙe uku, ai rai da rai ne, a kai masa doya. Akawu ya ce ya san wani wanda ya san wani a Kaduna. Yaron ya ce ba a yin haka. Sai suka koma kan babba da ƙarami. Mai doya ya ce shi ba zai zama ƙarami ba a karatun da akwatinsa ke ɗauke da littattafansa. Akawu ya ce ko a haihuwa shi ne gaba. Auta ya gane in aka riƙe biyu shi ne za a zubar, sai ya tashi tsaye ya ce dama tun suna yara haka ake yi masa, ƙashi ake bar masa. Mutum mai ƴaƴa har da jika, idonsa ya kawo ruwa saboda karatun da ko sunansa bai iya faɗa daidai ba.

Liman dai yana ta cin gyaɗar da na tura masa. Duk wanda ya yi magana sai ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne.

Da na ga abin ba shi da ranar ƙarewa sai na ajiye faifai. Ba su saba jin bakina a zamansu ba, shi ya sa duk suka juyo suka dube ni.

"Kai," na ce da yaron, "wanne kake so?"

Ya dubi akawu, ya dubi mai doya, ya dubi auta. "Gwaggo, duk wanda iyayena suka ce."

"Iyayenka uku sun ce uku."

"To," in ji shi.

Akawu ya yi ƴar dariya ya ce, "Yaya, wannan ba maganar mata ba ce, maganar boko ce."

"Kai boko nawa ka yi? Firamare ce aka koro ka daga cikinta, ni na raka ka aka ba da haƙuri."

Ya kau da kai. Ana haka ladan ya kira magariba, liman ya sami mafita. Ya ce shawara ba ta son gaggawa, kowa ya je ya kwana da ita, gobe da hantsi kafin yaro ya tafi a dawo a shafa fatiha kan abin da aka tsayar. A bakin zaure na ji akawu da mai doya suna ƙus-ƙus. Sun shirya: siyasa babba, tattalin arziki ƙarami, auta a lallashe shi da cewa in yaron ya haihu shi za a sa wa suna.

Bayan sallah na kai wa yaron tuwo. Na tsaya a kansa, ban ba shi damar duban kowa ba, don ba kowa sai ni da kaji.

"Ƙasar nan da kake lasa, ita ce?"

Ya daɗe yana juya loma a cikin miya. Sannan ya ce ita ce. Ya fara gaya mini wai duwatsun nan suna da shekaru, wai ana iya sanin inda ruwa yake kwance a ƙarƙashin gari, wai malaminsa ya ce yana da ido. Bakinsa ya buɗe kamar ba shi ba. Na katse shi, na ce ban tambaye shi wa'azi ba. Na gaya masa gaskiya, ni ban ga abin da mutum zai ci da wannan ba, kuma in da ni ce da na ɗauki na mai doya, ko ba komai an san inda kasuwa take. Na ce amma ni ba ni zan zauna da shi ba.

"Gobe za ka iya faɗa musu?"

"Gwaggo, ba zan iya duban idonsu in ce a'a ba."

"Na sani. Ci tuwonka."

Na yi tunanin in tsaya gobe in faɗa a madadinsa. Amma na san abin da zai faru: akawu zai juya ya ce masa haka ne, shi kuma ya ce to, liman ya ɗaga hannu, shi ke nan. Yaron da ba ya iya cewa a'a, maganinsa kada a same shi a wurin da za a tambaye shi.

Washegari da aka idar da asuba na tashe shi. Na ɗaura masa ƙuli-ƙuli da dakakken yaji, na ɗora masa akwatin a ka, na buɗe masa ƙofar baya ta wajen turken awaki, wadda ke ɓullewa gonar maƙwabtanmu Gwarawa. Na ce ya bi ta cikin dawa ya fita bakin titi ya jira motar da ke tasowa daga Lakwaja, kada ya tsaya sallama da kowa. Ya buɗe baki, na ce in ya ce mini to zan mare shi. Ya tafi.

Sai na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a tsakiyar zaure, daidai inda ba mai shiga gidan sai ya tsallake ƙafata. Ni ce babbarsu, uwa ba ta da rai, uba ba shi da rai. A wurinmu ƙane ba ya wuce yayarsa a tsaye, sai ya durƙusa, kuma ba shi ke yanke gaisuwa ba, ita ke sallamarsa.

Da hantsi suka iso su huɗu, akawu a gaba. Suka gan ni, suka cire takalma suka durƙusa. Na fara da akawu. Na tambaye shi kwana, na tambaye shi gajiyar jiya, na tambayi iyalinsa, sannan ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ke aure a Gwagwalada da mijinta da surukarta. Na tambayi alƙali da ciwon bayansa. Yana amsawa yana leƙen tsakar gida ta saman kaina. Da ya yunƙura zai tashi sai na tuna ban tambayi tunkiyarsa da ta haihu ba. Na koma kan mai doya: kasuwa, direbobi, ruwan bana, ɓerayen rumbu. Auta ya girgiza hannu zai duba agogo, ya tuna ya bayar.

Ina cikin tambayar auta randunan gari na ji ƙahon mota daga bakin titi, na ji ta tsaya, na ji ta tashi ta yi arewa. Na bari ƙararta ta ɓace gaba ɗaya. Sannan na juya wajen liman na tambaye shi yaya ƙafar tasa.