Yadda Na Je Yangoji Neman Kamal

Kubwa, biyar da minti arba'in na asuba

Ina idar da salla na rataya jaka na fito daga gidan Anti Binta, inda nake zaune tun da na shiga jami'a. A jakar akwai waya mai ɗauke da manhajar da na ƙera, da takardu, da alƙaluma masu launi, da turare. Sai kuma Kamal.

Bari ku san Kamal. A kwas ɗinmu na tsara na'ura yadda za ta dace da mai amfani da ita, kafin ka zana komai sai ka ƙirƙiri mutum na misali, ka ba shi suna da sana'a da damuwa, ka yi aikin dominsa. Manhajata ta manoman doya ce, don su sami motar kai kaya kasuwar Gwagwalada. 'Yan ajinmu layi huɗu-huɗu suka rubuta. Ni da na girma da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, shafi uku na cika. Kamal dogo ne, wankan tarwaɗa, mai saje. Da rana yana noma, da yamma yana gindin mangwaro yana danna waya, yana tunanin wadda bai haɗu da ita ba tukuna.

Malamarmu, Dokta Hajara, ta karanta shi a gaban aji, ta cire tabarau ta ce, "Rukayya, manomi kike wa aiki ko miji kike nema? Ki je ki samo manomi na gaske ya nemi mota da wannan abin, ba ki taɓa ba, ba ki ce uffan ba, ki ɗauko mini a bidiyo. In babu, baɗi ma kujerarki na nan."

Ga shi Baba ya riga ya gaya wa duk unguwarmu a Zariya cewa bana zan gama.

Zuba, shida da minti ashirin da biyar

A motar haya mu huɗu a baya, biyu a gaba. Wajen Giri aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya leƙo ya ce, "Madam, mene ne a jaka?" Na ce aikin makaranta ne, yallaɓai, na kunna masa wayar. Ya ga ruwan hoda da furanni da zuciya, ya ce, "Na neman aure ne?"

Na ce na doya ne.

Direba ya ce, "Oga, ka ga Abuja. Doya ma ta fara soyayya."

Na kau da kai ina kallon taga, kamar yadda jarumai mata suke yi idan duniya ba ta fahimce su ba.

Gwagwalada, bakwai da kwata

A tasha na tarar da Danladi, ɗan ajinmu, haifaffen Yangoji, wanda zai kai ni wajen danginsa. Muka sha koko da ƙosai a tsaye. Ya ce, "Mutanenmu ba sa kushe abin baƙo. In sun ce ya yi kyau, kada ki rubuta. Yatsa za ki kalla, ba baki ba."

Kwali, takwas da rabi

Mota ta tsaya sauke fasinja kusa da masu tukwane, sai ga shi a bakin titi. Dogo, wankan tarwaɗa, har da sajen. Na gyara gyale na sauke gilashi na ce, "Malam, don Allah noma kake yi?"

"Caja nake sayarwa, Hajiya. Ta wace waya?"

Danladi bai daina dariya ba sai da muka sauka.

Yangoji, tara da minti biyar

Daga bakin titi muka hau acaɓa, minti goma zuwa rumbun doyar kawunsa, Baba Yohanna. Tsohon ya karɓi wayar da hannu biyu, ya dube ta, ya ce, "Ya yi kyau, Allah ya sa albarka," ya miƙo mini. Har na zaro biro, Danladi ya harare ni. Baba Yohanna ya ce shi noma ne nasa, maganar kai kaya kasuwa sai matarsa.

Sai ga Mama Asabe daga gona, gajera, ta haura sittin, da wata ƙatuwar ƙwarya cike da doya a kafaɗarta. Babu saje. Ta sauke, ta goge hannu a zani. Danladi ya kunna bidiyo, na miƙa mata wayar na ce, "Mama, a ce gobe kina son motar kasuwa. Ki nema a nan. Ni ba zan yi magana ba."

Hoto uku ne a fuskar wayar. Mace da doya a ka, wato ina da kaya. Zuciya, wato direban da kika fi so. Jinjirin wata, wato tafiyar asuba. Yatsan Mama ya tsaya a kan zuciyar. "Ganyen gwaza. Wannan na masu gwaza ne, ni doya nake da shi." Ya matsa kan watan. "Wannan na masu azumi." Ya iso kan matar. Na cusa bakin gyale a baki na cije. Danna, Mama, danna! Yatsan ya yi shawagi, ya wuce.

Sau uku tana zagayawa. Minti goma sha ɗaya cif. Ta miƙo mini wayar da murmushi ta ce, "Ya yi kyau, yarinya. Amma namu babu a ciki."

Na ji kujerar baɗi ta matso kusa. Na ce, "Mama, matar nan fa?"

"Wannan baƙuwa ne. Wa ya ɗora masa kaya a kai? Kai sarkin jiki ne. Shi ke tunani, kuma ka sa masa doya?"

Na ɗaga ido. Mata uku suna wucewa a hanyar gona, kowacce kayanta a kafaɗa, kamar yadda matan Gbagyi suke ɗauka. Tun daga Kwali nake wuce su. Ni saje nake nema.

Na baje takardu a gindin bishiya, kuma wallahi mangwaro ne. Ina zana mace da ƙwarya a kafaɗa, Mama na tsaye a kaina. "Ƙwaryar ya yi sama, sauke shi. Ki ba shi ƙafa mai ƙarfi, wannan ba zai kai kasuwa ba." Muka cire zuciya muka sa motar a-kori-kura, muka cire wata muka sa zakara. Furannin ta ce a bar ɗaya, don kada in yi kuka. Danladi ya buɗe kwamfutarsa ya shigar da sabbin hotunan, ni kuma aka ajiye mini sakwara da miyar agushi wadda har yau nake mafarkinta.

Ƙarfe biyu da rabi aka kira maƙwabciya, Mama Talatu, wadda ba ta nan da safe, ba ta ga komai ba. Danladi ya kunna bidiyo, na sake cije gyale. Tana duba wayar ta ƙwala ihu, "Kai! Ga Asabe a waya!" Ta danna ta. Ta danna mota, ta danna zakara. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Ta ce, "To, yaushe motar zai zo?"

Komawa, huɗu saura minti ashirin

Mama Asabe ta ɗaure mini doya uku a buhu. Na sunkuya zan kai shi ka, ta riƙe hannuna. "Kan da zai ci jarrabawa?" Ta ɗora mini a kafaɗa.

A Gwagwalada na tura wa Dokta bidiyon duka biyu. Muna Zuba amsa ta shigo: "Ina Kamal?" Na tura hoton Mama Asabe da ƙwaryarta. Ta rubuto, "Wannan ya fi wancan kyau. Kin wuce. Litinin ki kawo shafi uku a kanta."

Bakwai saura minti goma na shiga gida Kubwa, a karkace. Anti Binta ta ce, "Ina surukin namu?" Na sauke mata doya.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Danladi da ya riƙe kyamara bai riƙe dariya ba, da Mama Asabe da ta hana ni ɗora wa kaina abin da ba nasa ba. Kafaɗar dai kwana uku tana ciwo.