Na Gane Zanen Ƙanwata, Na Yi Shiru

A shekarun farin nan da shanu suka ƙare, ina matar aure mai 'ya'ya uku, ina aikin wanki da shara a wani ƙaramin ɗakin shan magani na 'yan mishan a bayan garin Birnin Kudu. Wata baturiya ce ke riƙe da wurin, dattijuwa wadda ba ta taɓa aure ba, Hausa a bakinta kamar 'yar gari. Mijina manomi ne, shekarar nan ko dami goma bai ɗaure ba, saboda haka da ɗan aikin nawa muke cin tuwo.

Wata safiya na zo share ƙofa, sai na tarar da jaririya a ƙarƙashin bencin da marasa lafiya ke zama, ko kuka ba ta iya yi saboda yunwa. Ina ɗaga ta na gane zanen jikinta. Zanen da aka naɗe ta da shi, ni na ba ƙanwata shi ranar suna a ƙauyensu can wajen Gwaram, har ɗinkin da na yi masa a gefe yana nan. Mijin ƙanwar tawa ya rasu tana da ciki, kuma tun da ta haihu kanta ya taɓu, sai ta fice ta yi ta tafiya ba ta san inda take ba. Baturiya ta fito da sauri ta karɓi yarinyar, ta tambaye ni ko na san ta wane gida ce. Na ce ban sani ba. Na sha jin cewa duk wadda ta yar da jariri 'yan doka suke kai ta Kano su kulle, ga mijina kullum yana faɗin gidanmu ba zai ɗauki ƙarin baki ba, ga kuma madarar gwangwani ina gani ana dama wa yarinyar. Na ce a raina bari damina ta faɗi tukuna.

Kwana huɗu bayan haka innarmu ta sauko daga motar kasuwa tana kuka. Ta ce an tsinci ƙanwata da ranta a daji wajen Kiyako, ba goyo a bayanta, an bi sawu an rasa, kowa ya ɗauka kura ce ta ɗauke jaririyar. A ɗakina ta zauna tana wannan kukan, jikarta tana nan kusa, tafiyar da ba ta kai a gama dafa shayi ba. Na taya ta kuka, na yi mata gaisuwa, na raka ta tasha. Daga ranar bakina ya ƙara nauyi, domin in na faɗa yanzu, me zan ce ya hana ni faɗa ranar nan?

Dagaci ya sa aka yi shela a kasuwa, ba wanda ya fito, alƙali ya bar yarinyar a hannun baturiya. Ni nake yi mata wanka, ni nake goya ta. Duk motar da ta tsaya sai in leƙa in ga ko wani ne daga Gwaram zai gane ta. Abinci ya daina shiga mini. Wata rana baturiya ta ce cikin dariya goshin yarinyar irin nawa ne, kwanon da ke hannuna ya suɓuce. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta wuce.

Da gwamnati ta karɓi wurin, baturiya ta shirya komawa ƙasarsu, aka yi mata takardun tafiya da yarinyar. Kafin ta sa hannu ta tara mu ma'aikata, ta ce don Allah in akwai wanda ya taɓa jin ko ƙishin-ƙishin na dangin yarinyar ya faɗa, ba ta son raba ɗa da jininsa. Na sunkuyar da kai. Ni na ɗauki akwatin kayan yarinyar na kai mota, yarinyar tana miƙo mini hannu ta taga.

Bayan kamar shekara guda Allah ya ba ƙanwata lafiya, abubuwa suka riƙa dawo mata. Ta zo ta same ni a tsakar gida ina tankaɗe, ta ce, “Yaya, ba ke ce kike fara zuwa da safe ba? Ai don ke na ajiye ta a nan.” Na gaya mata komai. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba, ta sa takalmanta ta fita. Har ta koma ga Allah ba ta sake taka gidana ba.

Ban zargi baturiyar nan da komai ba, sau biyu ta tambaye ni. Amma yau akwai wata mace a wata ƙasa, watakila da jikokinta, ba ta san an yi mata suna an yanka rago ba, ba ta san uwarta ta taka daji a ƙafa don ta kai ta hannun da ta amince da shi ba. Masu karatu, in tsoro ya ce ku jira zuwa gobe kafin ku faɗi gaskiya, kada ku saurare shi. Abin da ya kamata in faɗa da safiyar nan bai fi kalma uku ba: 'yar ƙanwata ce.