Kunnen da Ya Rage wa Lanƙwasa

A layin makanikai, tsakanin shagon mai walda da rumfar mai faci, akwai wani kafinta da kowa ke kira Lanƙwasa. Aikinsa ne ya ja masa sunan. Da can kujeru da ƙofofi yake yi kamar kowane kafinta, har ranar da wani direban tasi ya kawo masa sifika mai faɗin tire, irin wadda suke ce wa wufa, ya ce a yi mata akwatin da zai zauna a but ɗin mota ba tare da ya hana shi ɗaukar kaya ba. But ɗin mota kuwa ba ɗaki ba ne. Ga tudun taya, ga bayan kujera a karkace. Akwati mai kusurwa huɗu sai ya cinye wurin kaf.

Kafinta ya yi ta jujjuya abin a ransa. Daga ƙarshe ya kwantar da fallen katako, ya yi ta tsaga bayansa da zarto, tsaga kusa da tsaga, ba ya barin zarton ya ratsa, sai ya rage wata 'yar fata siririya a fuskar katakon. Da ya ɗaga, katakon ya bi hannunsa kamar tabarma. Ya naɗe shi a kan haƙarƙarin katakon da ya yanka daidai cikin but ɗin, ya cike tsagogin da gam haɗe da dusar katako, ya ɗaure da robar tiyub, ya bar shi ya sha iska. Akwatin ya shige wurinsa kamar da shi aka ƙera motar. Daga ranar direbobi da samari masu son kiɗa suka san hanyar shagon.

Lanƙwasa katako ba wani sirri ba ne, wasu kafintocin sun leƙa sun koya. Abin da ya riƙe masa kasuwa shi ne gwaji. Akwatin wufa in yana da kafa ko da ta kai bakin allura ce, iska za ta riƙa zurarewa tana fito, kiɗan ya lalace. Shi ba ya sallamar aiki sai ya shiga motar, ya kwantar da kujerar baya, mai mota ya ƙure kiɗa ya fita ya rufe ƙofa, gilasai a ɗage. Sai ya kai kunne jikin akwatin yana bin gaɓa-gaɓa, inda ya ji fito ya shata da fensir. Mutanen da ke waje sukan ga rufin motar yana rawa, shi kuwa yana ciki a duƙe.

A haka ya yi furfura. Kunnen hagu ne ya fara tafiya, a hankali, bai yi sallama ba. Ya koyi juya wa mutum gefen dama idan ana magana, matarsa ma ta koma zama ta wannan gefen ba tare da sun taɓa tattauna zancen ba. Mai walda, wanda wutar aikinsa ta cinye masa ido, yakan ce masa, “Maƙwabci, ni ba ido, kai ba kunne. Mu haɗa shago mu tashi mutum guda.”

“In mun haɗa, wa zai yi wa wani jagora?” in ji Lanƙwasa.

Wata rana wani saurayi da ake wa laƙabi da Guguwa, mai jan farar mota, ya kawo wufa biyu ya ce a haɗa masa su a akwati guda, ya bar motar a ƙofar shago. Aikin ya yi kyau. Lanƙwasa ya sa mai faci ya ƙure masa kiɗa, ya shiga gwaji, sai ya ji fito, siriri, kamar kukan sauro. Ya shata, ya fito da akwatin, ya ƙara gam, ya mayar. Fiton na nan. Washegari ya shata wani wurin. Yana nan. Ya kwance wufofin ya duba bakinsu, lafiya lau. Ransa ya ɓaci, ya ce lalle wata tsaga ce ta ratsa fatar katakon ta ciki inda ido ba ya kai wa. Ya ɗauki guduma ya ɓalle bangon da ya sha wahalar lanƙwasawa.

Da azahar matarsa ta kawo masa abinci kamar kullum. Ta same shi zaune a ƙasa cikin ɓaraguzan katako, ya karkata kai.

“Kin ji ko?” in ji shi. “Har yanzu yana yi.”

“Me ke yi, Malam?”

“Fiton mana.”

Ta ajiye kwanon. Ta dubi motar, a kashe. Ta dubi wufofin biyu a kife a kan benci, wayoyinsu na reto. Ta tsugunna ta gefen damansa ta ce, “Malam, akwatin da ka farfasa ne zai yi fito, ko motar da ba a kunna ba?”

Ya toshe kunnen dama da yatsa. Fiton bai ragu ba, sai ma ya ƙara fitowa fili.

Ita ta ja shi asibiti. Likitar kunne, yarinya sa'ar 'yarsu, ta sa masa wani abu a ka ta ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Hannun bai sha ɗaguwa ba. Ta ce, “Baba, na hagun ya riga ya tafi. Na daman saura kaɗan, wannan fiton da kake ji kukansa ne. In ka ci gaba da shiga ƙara, shi ma zai bi ɗan'uwansa.”

Da wannan kunnen yake jin matarsa. Da shi yake jin 'yarsu da ke aure a nesa idan ta bugo waya, ta miƙa wa jikarsa ta yi masa gwaranci. Don haka ya ce ya bar akwatin wufa.

Ya gama wa Guguwa nasa, sannan ya ƙera kujera mai kyau ya ajiye a bakin shago don a san ya koma aikinsa na da. Ba wanda ya taya. Mutane sun koma kujerun roba, ƙofa kuwa ta ƙarfe suke so, wajen maƙwabcinsa suke zuwa. Kujerar ta zama wurin zaman masu jiran ya karɓi wufarsu. Gida kuwa bai daina cin abinci ba, ga marayun ƙanensa da ke hannunsa. Mai faci ya ce masa, “Baba, kare da aka sani da haushi, in ya ce zai yi cara wa zai tashi?”

Ya koma wa akwati, amma ya ce ba gwaji. Na farkon da ya sallama a haka bai yi nisa ba ya dawo, mai motar na cewa hannun tsoho ya fara sanyi. Magana a layin makanikai ba ta kwana. Ya gwada cusa auduga a kunne, audugar ta tare fiton akwatin ta bar masa na cikin kansa. Ya gwada jiƙa bayan hannu yana bin gaɓoɓi ko zai ji sanyin iska. Babbar kafa takan nuna kanta a haka, ƙarama kuwa sai kunne.

Matarsa ce ta ce, “To ni kunnuwana biyu ne, ba abin da nake yi da su sai jin tsegumin maƙwabta. Ka nuna min.”

Ya ƙi, ta nace. Ranar da ya gama akwatin wani mai motar haya, ta tattare zanenta ta shiga, ya miƙa mata fensir, ya rufe ƙofa. Yana tsaye yana kallonta ta gilashi, ta runtse ido tana bin jikin katakon. Ta fito da shata guda, kuma daidai ne, kafar tana wurin. Mai walda ya ce, “Shi ke nan, maƙwabci, an karɓe maka shago.” Har Lanƙwasa ya yi dariya, rabon da ya yi ta an daɗe.

Da yamma a gida wayarta ta yi ta ƙara a kan tebur tana wanke-wanke, ba ta waiwaya ba. Shi da ya ga hasken wayar ne ya taɓa ta. Ta ce, “Kai, tun ɗazu ji nake kamar an ɗura min ruwa a kunne. Zai wuce.” Ya san zai wuce. Nasa ma haka ya riƙa wucewa a farko.

Da wani akwatin ya bushe, ta zo da kwanon abinci, ta miƙa hannu ya ba ta fensir. Ya sa shi a aljihu.

“Malam, ba ni mana.”

“Ba za ki shiga ba.”

“Likita ta ce me?”

“Ni ta faɗa wa. Ke ba a duba naki kunnen ba, kuma ba za a kai ga haka ba. In mu biyu muka kurmance, wa zai ji an ƙwanƙwasa ƙofa?”

“To a bar gwajin.”

“A bar cin abinci a gida ke nan.”

Mai motar, wani ɗan ƙwalisa da baƙin tabarau, ya dubi agogo ya ce, “Baba, da Mama da kai duk ɗaya ne a wurina, wani dai ya shiga.”

Lanƙwasa ya cire hularsa ya ba matarsa ta riƙe. Ya shiga, ya kwantar da kujera, ya juya gefen dama ga akwatin. Yaron ya murɗa kiɗa har ƙarshe, ya fita, ya tura ƙofa.

Da ya fito, ba shata ko ɗaya, akwatin ba shi da kafa. Mai motar ya yi murna ya ja motarsa. Matarsa ta matso ta gefen dama tana magana. Ya ga bakinta na motsi, ya tsaya yana jiran muryar ta iso, don takan iso in an ɗan jima. Bai san ko faɗa take yi ko cewa take ya ci abinci ba, sai ya gyaɗa kai. Ta daina magana, ta tsaya tana dubansa. Bayanta wata mota ta riga ta faka, direban ya buɗe but yana yi masa alama da hannu ya zo ya auna.