Telan da Ya Rage wa Zaki Ƙarfi

Tela ne, amma a layinsu an fi saninsa da katunan wasa. Kwalin sababbin riguna yake yankawa da almakashi, ya zana dabba, ya rubuta ƙarfinta, a yi ta gwabza kati da kati. Dokarsa ɗaya ce: sabon kati ba ya fita shago sai matarsa ta riƙe shi sun kara. In ta cinye wasa uku a jere, katin ya cika ƙarfi, sai a rage.

Da ya zana Zaki mai ƙarfi tara, ta lallasa shi kafin shayinsa ya huce. Ya goge, ya mai da shi bakwai. Ta maimaita. Biyar, uku, har kwalin ya kusa hujewa don guga. Zakin ko ɓera ba ya kamawa, amma ta cinye.

Ya sosa ƙeya. "Wai me ke damun katin nan?"

Ta tattara katunan tana dariya. "Maigida, ƙyale bawan Allah ya huta. Shekara goma kana hukunta katuna, ba ka taɓa duba mai riƙe su ba."