Baba Ƙeya Ya Shiga Ta Ƙofar Gaba

Ni na riga kowa ganinsa, kuma ba na neman shaida a kan wannan. Ranar da manyan motoci suka sauke babban tantin wasa a filin da ke bayan tashar jirgin ƙasa, ni ne ɗan dakon da ya fara sa kafaɗa ƙarƙashin turken tsakiya. Waɗanda muka ɗauka tare duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni kuwa turke ya faɗo mini ban tafi ba, mota ta kife da mu na fito da ƙafata, ciwon da ya share layinmu ya zo ƙofata ya yi sallama ya wuce. Shi ya sa ake ce mini Sauran-Kwana. Ban taɓa zama a aji ba, a jikin allunan talla na koyi baƙaƙe. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya gyara a ransa, maganar dai a miƙe take.

A ranar nan na hangi wani saurayi siriri zaune a kan tulin igiyoyi, yana bin su da yatsa kamar makaho mai shafa fuskar ɗansa. Na ce wa abokan dakona wannan zai daɗe a nan. Suka yi mini dariya. To ga shi ya tsufa a tantin, kuma shi nake so in yi wa jinjina tun yana da kunnen ji.

Ku da kuke zuwa kallo da yamma kun san 'yan alkafura, kun san mai dabo da ke zaro tattabaru daga hannun riga, kun san ɗan barkwanci mai jan hanci. Kun fi sanin Tsattsewa, matar da ke tafiya a kan waya can kusa da rufin tanti, da laima a hannu. Amma a lungun hagu, bayan makaɗa, akwai wani mutum zaune a kan akwati, ya juya wa fili baya. Shi ne saurayin nan na kan tulin igiyoyi. Ƙeyarsa kaɗai 'yan kallo suka sani, har sunan ya bi shi: Baba Ƙeya.

Ga aikinsa. Wayar da Tsattsewa ke takawa doguwa ce, in mutum ya kai tsakiyarta sai ta fara lilo. Don haka akwai wata igiya da ta sauko daga cikin wayar ta gefe har ƙasa. Ba a ɗaure ta tamau, hannun mutum ne ke riƙe ta, ya ja kaɗan, ya saki kaɗan, ya shanye lilon. Mai wannan riƙo kuwa ba ya kallo. Wanda ya koya wa Baba aikin ya ce masa ido tausayi gare shi. In ya ga mutum ya karkata, hannu zai zabura ya kai ɗauki, wannan zaburar kuma ita ke jefo mai tafiya ƙasa. Sai a juya baya, a bar tafin hannu ya saurara.

Da hantsi yake zuwa, lokacin ba kowa a tanti sai zaren haske da ke ɗigowa ta hujojin rufi, da ƙamshin garin katakon da aka baza a fili. Ya hau tsani ya goge bakin waya da tsumma, ya sauko ya bi igiyarsa tun daga sama har wutsiya. Ba ya ɗaura agogo, ba ya sa zobe, maiɗakinsa ta yi mita har ta gaji. In la'asar ta yi ba ya shan shayi mai ƙarfi, wai kada jijiya ta yi masa rawa. Kafin a buɗe ƙofa zai cusa hannuwansa a hammata su yi ɗumi, ya zauna shiru kamar kaza a kan ƙwai. Kullum ɗan barkwanci sai ya tambaye shi yaushe za a ƙyanƙyashe. Shi kuma ya ce masa ranar da tumatirin da ke hancinsa ya isa tsinka.

Mai babbar ganga yana nan da ransa, ku je ku tambaye shi. Wata yamma iska ta taso ba sallama, tanti ya kumbura ya sace, wani turken gefe ya tsige, waya ta kaɗa, Tsattsewa na tsakiya. Jama'a suka miƙe da kururuwa, iyaye na rufe idon 'ya'yansu. Mai ganga ya ce shi da ke kusa ya ga igiya na zarewa cikin tafin Baba tana cin fata, ya ga wuyan Baba ya ƙage kamar itace, ko alamar waiwaye babu. Ya lallaɓa igiyar har ta kwanta, Tsattsewa ta taka ta kai dandamali. Sai da kiɗa ya tsaya ya tambayi mai ganga ko ta sauka lafiya, sannan ya nemi tsumman naɗe hannu.

Kai ne, Baba, wanda ya sha tafi ta bayan kunne shekara da shekaru, bai taɓa leƙa wa ake yi wa ba. Kai ne mai kunne a tafin hannu. Riƙau, ba ka saki, ba ka fizga.

Bana hannunsa na dama ya fara rawa. Kaɗan ne, ko cokali bai isa ya tona masa asiri ba, ba wanda ya lura. Shi da ƙafarsa ya je wurin mai tanti ya ce a sauke shi, domin hannu mai rawa ƙarya zai riƙa aikawa sama. Ya miƙa igiyar ga Dogo, mijin 'yarsa, wanda ya daɗe yana koyo a gefensa har shi ma furfura ta fara leƙo masa.

Nan fa aka ji kunya. Tsattsewa ta hau tsani, ta ɗora ƙafa ɗaya a waya, ta janye. Ta ce wayar ta zame mata baƙuwa, ba ta gane muryarta ba. Ba laifin Dogo ba ne, kowa ya san hannunsa ya faɗa. Yamma bayan yamma ana cike gurbinta da 'yan keke. Mai tanti ba mugu ba ne, amma ya gaya mata in Asabar ta wuce ba ta hau ba, zai kira wasu masu waya daga wani gari, ita kuma ta koma ƙofa yaga tikiti. Macen da tun tana budurwa ba ta san wata hanya ba sai wadda ke sama. Ta je har gida ta roƙi Baba ya dawo ko na ɗan lokaci ne. Ya ƙi. Maiɗakinsa ta ce mini ranar ko abinci bai taɓa ba.

Ran Asabar ya aiko a kira ni. Na same shi cikin sabuwar riga, an goge ta har tana sheƙi.

Ya ce, "Sauran-Kwana, kai ka san gari. Kai ni kallo."

Na ce kallon me?

"Wasan tanti. An ce yana da kyau."

Muka fita da la'asar sakaliya, na bi da shi ta doguwar hanya, domin gari ni ne na san shi tun yana rarrafe. Muka wuce titin sinima, inda aka liƙa fuskokin da suka fi ƙofar gida girma. Muka tsaya wurin mai goge a bakin gada, kiɗansa na bin ruwa yana tafiya. A filin wasanni ƙananan motoci na karo da juna, masu tuƙinsu na dariya, abin da in da a titi ne sai an kwana a asibiti. Na saya masa alawar auduga, ya sa a baki ta ɓace, ya dube ni kamar na cuce shi. Duk inda aka rataya fitilu sai ya tsaya duba ƙullin igiyar, sai na ja masa riga in tuna masa ya yi ritaya.

Daga nan muka hau babban lilon nan mai juyawa kamar ƙafar keke. Rana ta faɗi, fitilun gari na kamawa ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa ta fi sama taurari. Hayaniya ta rage a ƙarƙashinmu. Can nesa ga tantin, haske ya cika shi, kamar an kife kwano a kan farin wata. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce ashe ɗan ƙarami ne. Sai ya ce akwai abin da ya daɗe yana cin sa. Kullum in Tsattsewa ta kai tsakiya, igiya takan yi tsit a hannunsa kamar mutum ya riƙe numfashi, sannan tafiya ta ci gaba. Bai taɓa tambayar kowa abin da take yi a wurin ba, kada sanin ya shiga hannunsa. Na ce ni na sani tun ranar da ta fara, amma ba zan faɗa ba, gani ya kori ji.

Bayan magariba muka shiga ta ƙofar gaba, wadda bai taɓa bi ba. Mai yaga tikiti bai gane shi ba sai da ya wuce ya ga ƙeyarsa. Baba ya zaɓi kujerar sahun farko, daidai inda haske ke zuba.

Aka fara. 'Yan alkafura na tashi suna sauka kamar ba su da ƙashi. Tattabarun mai dabo suka zagaya rufi, gashinsu na saukowa a hankali cikin jan haske da shuɗi. Ɗan barkwanci ya fito da tsalle, ya yi ido biyu da Baba, ya manta abin da ya fito yi. Jama'a suka ɗauka cikin wasan ne, suka yi ta dariya, Baba ya fi kowa.

Sai aka kashe fitilu aka bar guda. Tsattsewa ta hau tsani. Ta tsaya a dandamali da laimarta, ta dubi lungun hagu ta ga bayan Dogo, ƙafarta ta ƙi gaba. Ganga na ta gurnani, ita tana tsaye. Sai ta sauke ido ƙasa ta ga Baba a cikin haske. Ya ɗaga hannuwansa biyu, ya buɗe mata su ta ga ba komai a ciki, ya ɗaga fuska ya zuba mata ido. Mutumin da bai taɓa yarda ya kalle ta ba, yau ya zauna kallo hankali kwance, igiya na hannun wani.

A hankali ya ce, "Hau, 'yar nan. Ga ni ina kallo."

Ita ba ta ji ba, ni na ji. Amma ta ɗora ƙafa.

Tana takawa, Baba ya cafke wuyan hannuna bai sani ba. Ya ja kaɗan, ya saki kaɗan. Ni da turke ya faɗo wa, ban taɓa jin riƙo irin wannan ba. Can sama tana tafiya kamar mai ratsa mafarki ba ta son ta tashe shi. Ta kai tsakiya ta tsaya. Ta juya ga lungun hagu, inda Dogo ya ba ta baya cikin duhu, ta sunkuyar da laimarta ta rusuna masa, yadda take yi wa wannan lungu kowace yamma tun tana budurwa.

Yatsun Baba suka yi sanyi a hannuna.

Ya ce, "Kullum?"

Na ce, "Kullum."

Ta miƙe ta ƙarasa, ta sa ƙafa a dandamalin can gefe, tanti ya ɗauki tafi har turaku na motsi. Baba bai tafa ba. Ya share ido da hannun sabuwar rigarsa, ya matso kunnena.

"Kada ka gaya wa Dogo. Bar shi ya tsufa tukuna."

Na yi masa alkawari. Dogo ba mai karatun jarida ba ne, ku da kuka karanta ku riƙe bakinku, wanda ya kai masa shi da Allah.

Mun gode, Baba Ƙeya. Mun gode da riƙon da ka yi, mun fi gode wa sakin. Da ka koma kan akwatin nan don tausayi, da Tsattsewa ta hau na kwana kaɗan, sannan ta sauka har abada. Ga ta yanzu tana hawa kowace yamma. Allah ya ƙara wa hannun nan lafiya, ya bar ka da maiɗakinka ku yi ta zuwa kallo. Ku kuma masu riƙe da igiyar wani, a gida ne ko a wurin aiki, ku koya daga gare shi: ku riƙe da gaskiya, in hannu ya fara rawa ku faɗa da bakinku, ku miƙa wa na baya, ku zauna inda za a gan ku.

Na san akwai masu cewa Sauran-Kwana ya cika ƙarin gishiri. To ba gardama. Baba yana sahun farko kowace Asabar yanzu, kujerar damansa kuma ni na bar ta. Wanda ya isa ya zo ya zauna a kanta, ya naɗe hannun riga, ya ajiye wuyan hannunsa kusa da shi kafin Tsattsewa ta ɗora ƙafa. In ta kai tsakiyar waya bai nemi agaji ba, ya zo ya ce mini maƙaryaci a gaban jama'a, zan amsa.