Anestis da Ɓauren Kan Kabari

Faɗa mafi muni da na taɓa yi da ɗan kawuna Anestis a maƙabarta muka yi shi, shi yana cikin rami, ni ina tsaye a kansa. Ran nan matarsa Garifaliya ta rasu. Ana cikin yi mata sutura na ɗauki kofin gahawa da gutsuren burodi na hau in kai masa, don na san bai karya ba. Na duba kan tudu, inda danginmu suke kwance, ba shi. Sai na jiyo ƙarar diga can gangare, jikin katanga, inda ruwa ke kwanciya duk lokacin sanyi.

Na ce, "Kai Anestis, ramin wa kake haƙa a nan?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Mutum nawa suka mutu yau a garin nan, Stamata?"

"Garifaliya za ka sa a cikin laka?"

"Ƙasa ai duk ƙasa ce. Ba haka kuke cewa ba, ke da Fadan cocinku?"

"Jakin kawu ma ya fi ka tunani, shi ko ba komai ya san inda zai kwanta. Fito ka koma tudu."

"Ita ta ce in sa ta inda na ga dama."

"Ta faɗa tana dariya ne, tana ɓarar wake. Ni ma ina wurin."

Ya ci gaba da sara. Na tuttula masa kofin a cikin ramin, na ce tun da laka yake so ga ƙari. Daga nan muka daina gaisawa har ganye ya sake tohowa.

Anestis ya gaji diga ne daga mahaifinsa. Garinmu dutse ya fi ƙasa yawa, maƙabartar kuwa ba ta fi ƙaramin lambu ba, saboda haka kabari a wurinmu aro ne. Mutum ya yi shekara biyar a ƙasa, a tono shi, a wanke ƙasusuwansa da ruwan inabi, a sa a akwati a kai ɗakin ƙasusuwa da ke bayan coci, wani ya shiga ramin. Shi ke tonowa, ni ke wankewa. A ranar ne kuma gari ke sanin wane ne mutum. In ƙashi ya fito tas, launin kakin zuma, to Allah ya yafe masa, iyalinsa su tuɓe baƙaƙen kaya su sa na launi. In ya fito baƙi, ko da sauran nama a jiki, ƙasa ta ƙi shi kenan, akwai wani zunubi da ya ɓoye. Sai a mai da shi, Fada ya yi ta addu'a, mata su yi ta lissafin abin da ya aikata.

Kowa ya karɓi wannan yadda ake karɓar fitowar rana, sai Anestis. Ba wai ba ya zuwa coci ba. Yana zuwa, yana kunna kyandir, yana azumi. Ciwonsa ɗaya, so yake ya sani. Tun yana saurayi yake cewa in dai Allah yana sa hannu a kan ƙashin mutum, to shi ne ya fi kowa dace a duniya, domin shi ke fara ganin sa hannun.

Amma abin da ya riƙa gani sai ya hana shi sakat. Ya tono mai injin niƙa, mutumin da ke matsar da dutsen iyakar gona in maƙwabci ya juya baya, wanda matarsa ta kurumce da mari. Ya fito fes, kamar an sassaƙa shi da kaki. Ya tono tsohuwar ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin garin, ba ta taɓa cin nama ranar Juma'a, ranar azumin coci, ba. Ta fito baƙa ƙirin, gashi na nan a kanta. Kafin yamma an ƙirƙiro mata jarirai uku da wai ta shaƙe. 'Ya'yanta mata ba su ƙara shekara a garin ba.

Wannan ya tsaya wa Anestis a rai. Ya soma murza ƙasar kowane rami a tafin hannu, yana shinshinawa, har ɗanɗanawa na taɓa ganin ya yi. Mai niƙa a tudu yake, cikin yashi da tsakuwa. Ungozoma a gangare, cikin yumɓu. Da aka yanka akuya a gidansa, ya sace ƙafafu biyu daga hannun Garifaliya, ya binne ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Da lokaci ya yi ya tono su ya kawo min a cikin kwando.

Ya ce, "Ke mai wanka, karanta min. Akuya ɗaya ce. Ƙafar dama ta samu gafara, ta hagu tana da zunubi."

Na ce, "Wataƙila da ta hagun take shiga lambun mutane."

Ya yi dariya har da tari, amma idonsa bai yi dariya ba. Ya kai wa Fada Serafim maganar, Fada ya ce akuya ba ta da rai irin namu, ba a gwada Ubangiji da ita. Ya kai wa malamin makaranta, wanda ya yi karatu a birni, malam ya ce ai ga shi nan ya gano da kansa, babu kowa a sama. Anestis ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce da ni Fada ya yi gaskiya, akuya ba mutum ba ce. Malam kuma ya yi gaggawa, don yumɓu ya ɓata ƙashi ba shi ke nuna sama wayam take ba. Abin da ake bukata shi ne mutumin da ba a shakkar kirkinsa, a sa shi inda ba wanda ya taɓa fitowa da kyau. In ya fito tas daga cikin yumɓu, to ba aikin ƙasa ba ne, akwai Mai sa hannu.

Mutumin da ba a shakkar kirkinsa kuwa, ɗaya ya sani, da ita yake kwana yake tashi. Garifaliya ba waliyyiya ba ce, tana da baki ita ma, amma ba wanda ya taɓa kwana da yunwa a layinsu tana da gari a tukunya. Ita ta yi jinyar uwar mijinta, tsohuwar da ta zage ta har numfashin ƙarshe. To ita ce ya sa a laka.

Abin da na faɗa masa a bakin ramin kafin in tafi shi ne, in ta fito baƙa, shi ya samu amsarsa, ita ta rasa sunanta. Bakin da ya cinye ungozoma yana nan bai ƙoshi ba. Ga 'yarsu Hirisula, wadda za ta zauna a garin nan ana nuna ta da leɓe.

A shekarar farko Anestis tafiya yake ƙirji a gaba, kamar mai jiran girbi. Da ruwan sanyi ya sauka, ya hau ya tarar kabarin ya zama kududdufi, gicciyen katako ya karkace. Ya daɗe yana kallo. Garifaliya mai sanyin ƙashi ce, ko safa mai laima ba ta iya sawa. Da bazara ta shigo ya yanko reshe daga ɓauren tsakar gidansu, wanda take zama a ƙarƙashinsa tana ɓarar wake, ya kafa a wajen kanta. Ya ce da Hirisula don uwarta ta samu inuwar da ta saba.

Ɓaure ya kama, ya yi girma kamar ana jan sa. Anestis kuwa ya riƙa ramewa. Duk wanda ya tono daga gangare a shekarun nan, baƙi yake fitowa, kuma yana tsaye a rami yana jin abin da mata ke raɗawa a kansa. Da can kunnensa a ƙasa yake, yanzu ya koma kan bakin mutane. Ya fara gane muryar da za ta soma, da wadda za ta ƙara gishiri. Ya san har zunubin da za su zaɓa mata, domin ta taɓa ba wani baƙo mai sayar da tukwane masauki shi Anestis yana can kan dutse wajen itace.

Da shekara ta biyar ta kusa cika ya je wurin Fada ya roƙi a ƙara mata lokaci. Fada ya ce ramin ana bukatarsa, Hirisula kuma ta gaji da baƙin kaya, tana so ta yi wa ɗanta baftisma cikin riga mai launi. Ya biyo ta gidana, ya tsaya a ƙofa yana murza hula.

"Stamata, in kin ga abin bai yi kyau ba, ba za ki iya rufawa da ƙyalle da wuri ba?"

"Da ido nawa za a zo, kai? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba kai ke son ka sani ba?"

"Ina so."

"To ga sani nan tafe."

Safiyar Asabar ce, rana ta fito. Mata sun cika gangare, har waɗanda ba su taɓa shan ruwa a gidan ba. An kawo dafaffiyar alkama da sukari da 'ya'yan rumman, sadakar mamaciya, an ajiye a kan katanga. Anestis ya shiga tono. Da ya kai ga ruɓaɓɓen katako ya ajiye diga ya koma tono da yatsu. Na ga bayansa ya tsaya cak. Sannan ya ɗago ƙoƙon kanta da hannu biyu ya miƙo min.

Na wanke ƙashi ya fi gashin kaina yawa, ban taɓa ganin mai kyan wannan ba. Tun kafin ruwan inabi ya taɓa shi yake sheƙi, rawaya kamar sabon kaki. Na naɗe shi a farin ƙyalle na miƙa wa Hirisula, ta sumbata, ya zaga hannu zuwa hannu. Matan da suka zo da labarin mai tukwane a bakinsu suka haɗiye shi, suka ce ai dama sun sani.

Anestis yana cikin rami yana miƙo sauran, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir. Leɓensa na motsi. Ya ɗebi ƙasa zai shafa a goshi, sai ya tsaya. Ya murza ta. Ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar gari. Ya duba gefen ramin, ya ga saiwoyi sun sauko ta ko'ina, manya da ƙanana, sun rungume inda akwatin yake kamar kwando. Ya zauna a ƙasa.

Da mutane suka watse wajen rabon alkama na leƙa shi.

"Fito mana, ko ka kama wuri ne?"

"Ɓauren ne, Stamata. Ya shanye ruwan. Nan wurin ya fi tudu bushewa."

"Wa ya dasa shi?"

"Ni."

"Kai da kake ɗanɗana ƙasa kamar miya, ba ka san ɓaure na shan ruwa ba?"

Ya karkaɗe ƙasar daga hannunsa. Can ya ce, "Na sani. Ran da na kafa shi dai ban tuna ba. Ko kuma na tuna ban gaya wa kaina ba."

Fada Serafim da ya ji ya ce to ai shi kenan, Ubangiji ya aiko ɓaure. Anestis ya ce in haka ne, da ta fito baƙa ma sai a ce Ubangiji ya aiko laka, gwajin da kowace amsa ta yi masa daidai ba gwaji ba ne. Malamin makaranta ya ce itace ne kawai da ruwa. Anestis ya ce ya yarda, amma wa ya sa mutumin da ya yi shekaru yana shirya gwaji ya ɓata shi da hannunsa? A nan ya tsaya, a nan kuma ya zauna sauran rayuwarsa. Bai yi baƙin ciki ba. Kullum kaka sai ya hau ya tsinki ɓauren, ya zauna a kan katanga yana ci yana juya maganar, duk wanda ya wuce ya tare shi da ita har mutane suka koma bi ta bayan coci.

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da shi ya aika Hirisula ta kira ni. Na tarar an jingina shi da matashi a bakin taga, rana tana dukan ƙafafunsa.

Ya ce, "Tsohuwa, ke ba ki da niyyar mutuwa, na gani. To ki saurara. A gangare za a sa ni, jikin katanga. Kada a dasa komai, ko ciyawa ta fito a tuge. Ni ba Garifaliya ba ne, amma ban matsar da iyakar kowa ba. Ke za ki wanke ni. Ki duba da kyau."

"In duba in gaya wa wa?"

"Ki dai duba."

Na kalli Hirisula tana tsaye a bakin ƙofa da rigarta mai furanni. Na gyara masa bargo.

Na ce, "Anestis, kai da za ka je ka gani da idonka, me za ka yi da shaidar ƙashi? Mu ne za mu zauna da bakin mutane. Reshen ɓaure na riga na yanko, yana cikin tulu a bayan ɗakina, kuma zan dasa. In ka je ka tarar Mai sa hannun yana nan, ka kai ƙarata wurinsa, ka gaishe min da Garifaliya. In kuma ba kowa, to ka kwanta ka sha inuwa."