Shanun Buba a Gonar Sallau

Har gobe ba zan manta da ranar Talatar da direkta ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya turo mini wata takarda ba. Lokacin ni ke jagorantar shirin gasar manoma a gidan telenmu na Damagaram. Ku sabbin shiga aikin nan ba ku tarar da shi ba: mukan zaɓi manoma shida daga yankin Magariya da Dungas, mu bi su da kyamara tun daga shuka har girbi, masu kallo su zaɓi gwani. Kyautar bijimai biyu ce na huɗa.

Takardar kaziye ce, wadda kotu ke bayarwa don a san ko mutum ya taɓa shiga kaso. Ta Sallau ce, manomi daga wani ƙauye na Kwaya, kuma ta iso a makare, bayan mun nuna shi sau biyu. Ya yi shekara uku a ɗaure kan satar shanu.

Direkta ya ce, "Madam Hadiza, ɓarawon shanu za mu ba shanu? Gari duka zai yi mana dariya. Ki cire shi kafin Juma'a."

Na ce, "Shef, ka ba ni kwana biyu."

Ba tausayi kawai ya sa ni ba. Duk ƙauyensu sun taru sun kalle shi. In fuskarsa ta ɓace ana tsakiyar damina, kowa zai gane dalili, sunan da ya shekara goma yana wankewa ya dawo masa sabo.

Washegari na sami Sallau a gona yana maimai, wato noma na biyu. Ban yi kwana-kwana ba, na tambaye shi. Ya jingina hauya ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya. Bijimai huɗu na tsallaka iyaka da su. Na Buba ne, ga rugarsa can."

Ni 'yar manomi ce, ko a mota nake na san geron da ya ci takin Bature da wanda ya ci kashin shanu. Nasa ya yi kore shar, kara kamar rake. A yankin, in an gama girbi makiyayi kan kawo garkensa ya riƙa kwana a gonar manomi duk rani, shanu su bar taki, manomi ya ba shi gero. Kuma makiyayi ba ya kwantar da dukiyarsa wurin wanda bai yarda da shi ba. Na ce, "Shanun wa ke kwana nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Na Buba."

Na ce wa mai kyamara ya kwaso kayansa, muka nufi rugar.

Buba dattijo ne marar yawan magana. Sai da muka sha nono sannan ya ce, "Da Sallau ya fito daga kaso ya zo ya durƙusa. Shekara biyu ban amsa gaisuwarsa ba. Da rijiyarmu ta rufta, shi ya shiga ya yashe ta, ba wanda ya aike shi. Rani shida ke nan shanuna na kwana gonarsa, ko ɗan maraƙi bai ɓata ba."

Na ce, "Baffa, ka yarda mu ci gaba da nuna shi?"

"Ku nuna. Amma a faɗi abin da ya yi. Ban yafe don a ce ba a yi ba."

Na koma na gaya wa Sallau sharaɗin. Na ɗauka zai ce ya janye. Sai ya ce, "Ba ke za ki faɗa ba, Hajiya. Da bakina zan faɗa." Ya tsaya gaban kyamara ya faɗa. Wallahi ni ma sai da idona ya ciko.

Direkta ya kalli hoton sau biyu, ya ce, "Ke dai ba a kayar da ke. A sa a tele." Muka sa ranar Juma'a. Wasu sun bugo waya suna zaginmu, wasu suna sa albarka. Sallau bai ci bijimai ba, na uku ya zo, amma ya kai girbi tare da sauran kansa a sama.

Tun daga nan na kafa wa kaina doka. Kaziye tana gaya maka abin da mutum ya yi, ba ta san abin da ya zama ba. Direkta bai sani ba, ni ma ban sani ba. Wanda aka cuta shi ake tambaya, kuma amsarsa ake bi ko ba ta yi maka daɗi ba.

Damina ta gaba wani manomin Waca ya nemi shiga gasar, mai fara'a, irin wanda kyamara ke so. Ya taɓa zaman kaso kan duka. Na je wurin matar wanda ya daka har ya nakasa, ta ce, "Mijina har yau da sanda yake tafiya, shi kuwa bai taɓa tako ƙofar nan ba." A tsakar gidanta na ciro biro na soke sunan manomin.